Ɓarawon da Ba Ya Haura Katanga



Da yawanmu kwamfutar da muke da ita a gida kwance ce, an sayo ta a Zariya ko Kano da Windows 7 a cikinta. To, ku sani tun ran 14 ga Janairu, 2020, kamfanin Microsoft ya daina toshe ɓarakar wannan manhaja, a watan Yuni na 2022 kuma ya jingine burauzarsa, Internet Explorer. Mai shiga intanet da su tamkar mai kwana ne a ɗakin da ba ƙyaure.

Ta irin wannan kafa manhajar leƙen asiri ke shigowa, ba ta kuwa yin sallama. Takan zo cikin imel mai kama da takardar ɗaukar aiki, ko cikin manhajar sata da aboki ya kwafo maka. Da ta zauna, sai ta riƙa nadar duk abin da ka buga, har lambar sirrin asusun da albashinka ko kuɗin raken mahaifinka ke shiga, ta aika wa ubangidanta. A watan Nuwamba na 2020, 'yan sandan Nijeriya da Interpol sun kama mutum uku a Legas bisa zargin wannan sana'a.

Firefox ko Chrome sun fi aminci, muddin daga shafin masu su aka sauko da su, ana kuma sabunta su. Amma fa tun 2023 Chrome ya daina fitar da sabuntawa ga Windows 7. Saboda haka a fara sauya tsohuwar manhajar tukuna. In injin ba zai ɗauki Windows 11 ba, Linux kyauta ce.