Ciwon Maƙogwaron Da Ba A Raina Shi: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara



Da aka ce in zo in yi magana a kan lafiya, sai na tuna da ɗakin shan magani na makarantarmu. Duk wanda ya je da ciwon maƙogwaro, a ba shi ruwan gishiri ya kurkure, a ce ya koma aji. Galibi kuwa hakan ya wadatar, domin yawancin ciwon maƙogwaro kan tafi da kansa cikin mako guda. To, amma akwai wani irinsa da ba ya tafiya, kuma a kansa nake son in ja hankalinku yau, musamman da yake 'ya'yanmu da jikokinmu ne yanzu a makarantun kwana.

Likitoci na kiran wannan cuta da sunan wani likitan Faransa, Andire Lemiyar. A shekarar 1936 ya ba da labarin majinyata 20 da suka kamu da ita a mujallar likitoci ta Lancet. Daga cikinsu 18 suka rasu. Da fenisilin ya wadata daga shekarun 1940, sai cutar ta yi ƙaranci ƙwarai, har aka riƙa ce mata cutar da aka manta. Sai dai fa ba ta ƙare ba. Kuma abin tausayi, ta fi kama matasa majiya ƙarfi, 'yan sakandare da 'yan jami'a, waɗanda ba su da wata lalura a da.

Ga yadda take aukuwa. Wata ƙwayar cuta mai suna Fusobacterium necrophorum, wadda ke rayuwa inda babu iska, ita ce ta fi haddasa ta. Takan fara da kumburin maƙogwaro. Daga nan sai ta ratsa nama ta isa babbar jijiyar da ke gefen wuya, wadda ke mayar da jini daga kai zuwa zuciya. Jijiyar ta kumbura, jini ya daskare a cikinta, ƙwayoyin cutar su yi gida a cikin gudan jinin. Sai gudan ya riƙa ɓantarewa, jini na kwasar ɓarɓashin zuwa huhu, wani lokaci har gaɓoɓi, duk inda ya sauka ya tara mugunya. Idan aka yi jinkiri, cutar ta game jini gaba ɗaya.

Alamominta kuwa, ina roƙon ku riƙe su da kyau. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro, bayan kamar mako guda, maimakon sauƙi, sai zazzaɓi mai zafi ya rufe shi da makyarkyata. Gefe ɗaya na wuyansa ya yi ciwo ko ya kumbura, daga ƙasan muƙamuƙi ya gangaro. Sannan tari, ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi su biyo baya.

A nan ne muke da matsala a ƙasarmu. Da mun ga zazzaɓi da makyarkyata, sai mu ce cizon sauro ne, mu aika kemis. In ba a ji sauƙi ba, mu ce taifot ce. In an ga maƙogwaro ne, wani ya kira wanzami ya cire beli. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cinye kwanaki, ita kuwa wannan cuta kwanakin nan su ne ranta. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maganinta yana asibiti. Za a ɗebi jini a nemi ƙwayar cutar, a ɗauki hoton wuya da na ƙirji. Sannan a sa magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da farko ta jijiya, na tsawon mako 3 zuwa 6. Inda mugunya ta taru, a zuƙe ta. Da wannan kulawa, mafi yawan majinyata suna warkewa sarai.

Ban zo don in tsorata ku ba, jama'a. Cutar ba ta da yawa, likita kan yi shekaru bai ci karo da ita ba. Wannan ne ma ya sa nake so, in kun kai yaro asibiti, ku faɗa wa likita da bakinku cewa da ciwon maƙogwaro abin ya fara, kuma ga wuya ya kumbura gefe ɗaya. Maganar nan kaɗai tana iya sa shi ya duba inda ya kamata.

Ga 'yan'uwanmu da ke koyarwa ko shugabantar makarantu, ina roƙon ku isar da wannan ga malaman ɗakunan kwana da mai kula da ɗakin shan magani. Ɗalibin da zazzaɓinsa ya ƙaru bayan ciwon maƙogwaro, a wuce da shi asibiti a ranar, kada a jira zuwan iyayensa.