Wi-Fi ɗin gidanku ne ba ƙarfi, ko kwamfutarka ce ke da matsala?

 Yau ba maganar zaɓe ko shugabanci na kawo muku ba, maganar Wi-Fi ce. Na san wani zai yi dariya, amma ku bari in ba ku labarin abin da ya same ni watan jiya.

Akwai wani tallafin karatu da na nema. Na cike takardu, na yi ta jira, har suka kira ni ganawa ta Zoom. Minti ashirin kacal suka ba kowa. Ranar na yi wanka, na sa kaftani da hula, na zauna a ɗakina da ke kusa da soro, na buɗe kwamfutata ta tafi-da-gidanka. Ina cikin amsa tambayar farko sai hoto ya daskare. Na koma, ya sake yankewa. Sau uku fa! A na ukun matar da ke jagorantar ganawar ta ce za su sake ba ni rana nan da mako guda, amma daga ita babu wata.

Wallahi ranar ko abincin dare ban iya ci ba. Washegari na je na sayi layin wani kamfanin, na zuba masa datar wata guda, na sa a na'urar da ke raba mana intanet a gida, wato rauta. Babu abin da ya canza. Ashe na bar jaki ne ina dukan taiki.

Wani abokina da muka yi hidimar ƙasa tare, wanda ya karanci kwamfuta, shi ya ce min: "Kai mutumina, ka ɗora wayarka a gefen kwamfutar, duk a kan Wi-Fi ɗaya, ka faɗa min sanda nawa kowacce ke nunawa." Na duba. Waya sanda uku, kwamfuta sanda ɗaya. Ya ce to daga nan za mu fara.

Abin da ya koya min shi ne, intanet ɗin gida zango uku yake bi kafin ya iso gare ka. Daga turken kamfani zuwa rauta, daga rauta zuwa ɗakinka, sannan cikin kwamfutar kanta. Kowane zango da irin ciwonsa. In ba ka gano inda ciwon yake ba, kuɗi kawai za ka yi ta zubarwa kamar yadda na yi.

Mu fara da zangon farko. Sandunan Wi-Fi da kake gani a kwamfuta ba ƙarfin sabis ɗin kamfani suke nunawa ba. Ƙarfin haɗinka da rautar suke nunawa, shi ke nan. Za ka iya ganinsu a cike amma shafi ya ƙi buɗewa, saboda ita rautar ba ta samun sabis. To ka je ka tsaya kusa da ita da wayarka ka gwada. In a nan ma tafiyar hawainiya yake yi, matsalar ta sabis ce, ko data ta ƙare, ko mutane sun yi yawa a kai. Ka matsar da ita kusa da taga. Ka kuma shiga shafinta, adireshinsa na jikin takardar da ke manne a ƙasanta, ka ga na'ura nawa ke haɗe. Mu a gidanmu goma sha ɗaya na tarar, alhali mu shida ne. Nan take na canza kalmar sirri.

Zango na biyu shi ne tsakanin rauta da ɗaki. Wi-Fi igiyar rediyo ce, kuma gidajenmu ba sa raga mata. Bulo da siminti na rage mata ƙarfi, rodin da ke cikin dakin ma haka, ƙofar ƙarfe da kwanon rufi kuwa mayar da ita baya suke yi. Tankin ruwa ma yana shanye ta. Tamu rautar tana falon Umma, a cikin kabad, bayan talabijin, an ma lulluɓe ta da ɗan kyalle saboda ƙura. Tsakaninta da ɗakina bango uku ne da ƙofar ƙarfe ɗaya. Na ce, "Umma, don Allah a ba ni aron saman kabad ɗin nan." Ta ce, "In dai ba za ka fasa min kwanukana ba, ɗauka." Na fito da ita fili, na ɗora ta sama, na tayar da eriyoyinta tsaye, na cire kyallen, don zafi ma yana sa ta sanyin jiki.

Akwai kuma maganar mita. Yawancin rautocin yanzu suna watsawa a kan mita biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Ta 5 ta fi sauri, amma ba ta nisa kuma bango yana saurin kashe ta. Ta 2.4 ta fi ratsa bango, sai dai cunkoso ya yi mata yawa, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci da rautocin maƙwabta duk a nan suke. Idan kana ɗaki ɗaya da rauta, hau ta 5. Idan kana nesa, koma ta 2.4. A kula, wannan 5 ɗin daban take da 5G na kamfanonin waya, sunan ne kawai ya yi kama. In gidajen unguwarku a matse suke kowa da rautarsa, shiga saitin ta 2.4 ka gwada tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11, su ukun nan ne ba sa hawa kan juna.

Da na yi duk wannan, wayata ta cika sanda huɗu a ɗakina. Kwamfuta kuwa da ƙyar ta kai biyu. To ka ga saura zango na uku ke nan.

Ga yadda za ka auna a Windows ba tare da dogaro da sanduna ba. Buɗe Command Prompt ka rubuta netsh wlan show interfaces. Za ka ga layin da aka rubuta Signal, da lamba cikin ɗari. Ka auna a ɗakinka, ka sake aunawa kusa da rauta. Lafiyayyar kwamfuta in tana gab da rauta ya kamata ta haura 90. Tawa ina zaune taku biyu da ita, 50 da 'yan kai take nunawa.

Kafin ka tafi wajen mai gyara, gwada abubuwa uku da ba sa cin ko sisi. Na ɗaya, jona caja ka sake aunawa. Mu da wuta ba ta zama, kullum kwamfuta a kan tsimin batir take, kuma tsimin nan kan rage wa katin Wi-Fi ƙarfi. Na biyu, shiga Device Manager, nemo katin a ƙarƙashin Network adapters, ka sabunta manhajar da ke tuƙa shi, wadda ake ce wa direba. Na uku, cire duk wani filash ko hadis da ka soka a ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki ɗin nan, domin yana iya yi wa mita 2.4 hayaniya.

Ni duk na yi, lambar ba ta motsa ba. Sai abokin nawa ya tambaye ni ko an taɓa buɗe kwamfutar. Na ce eh, ta hannu na saya, kuma bara an canza mata sikirin. Ya ce, "Yauwa!" Ashe eriyar kwamfutar tafi-da-gidanka galibi a cikin murfin take, a gefen sikirin. Wasu siraran igiyoyi biyu, sau da yawa fara da baƙa, su ke saukowa ta wajen da murfin ke lanƙwashewa su maƙale a jikin katin. In ɗaya ta ɓalle ko ta tsinke, Wi-Fi zai yi aiki, amma sai kana kusa.

Na kai ta wajen wani mai gyara a Farm Centre. Ya kwance bayanta, ya nuna min da bakin sukudireba: "Yallaɓai ka gani? Baƙar ko maƙala ta ba a yi ba." Ya danna ta ta shiga. Ko minti goma bai yi ba, kuma abin da ya karɓa bai kai kwatan kuɗin datar da na saya ba. Na dawo gida na auna, 96 kusa da rauta, 70 da wani abu a ɗakina. Da katin ne ya lalace, akwai ɗan ƙaramin na sokawa a USB da ake sayarwa, shi ma yana fitar da mutum kunya.

Duk da haka ranar ganawa ta biyu ban yarda da iska ba. Na ari kebul na LAN, na jona kwamfutar kai tsaye da rauta, na zauna a falon Umma, ita kuma ta kora yara tsakar gida. Kebul irin wannan yana iya kai mita 100 ba tare da matsala ba, don haka duk mai jarrabawa ko ganawa ta intanet ya nemi ɗaya ya ajiye. Minti ashirin ɗin nan ko sau ɗaya bai yanke ba. Sakamako bai fito ba tukuna, ku sa ni a addu'a.

Abin da ya sa na kawo wannan a shirin matasa shi ne, yanzu neman aiki da tallafin karatu da koyon sana'a da yawansu ta intanet ake yi, kuma wanda ke can ɓangaren ba zai san bango nawa ke tsakaninka da rauta ba. Abin da zai gani shi ne ba ka shirya ba. Saboda haka 'yan uwa, kada ku jira sai ranar. Yau ɗin nan ku ɗora waya a gefen kwamfuta ku kwatanta, ku rubuta umarnin nan ku ga lambarku. Wanda ya gwada ya turo mana abin da ya gani, a ɗaki da kuma kusa da rauta, mako mai zuwa in sha Allahu za mu duba wasu daga ciki tare.

Sai mun sake haɗuwa, na bar ku lafiya.