Allurar Cika Fuska da Hannun da Ke Riƙe da Ita

Laccar da aka gabatar a Mairuwa ga ma'aikatan lafiya da masu kemis na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa



Duk sa'ad da na tayar da wannan mas'ala, sai wasu abokan aikina su ce allurar cika kumatu da shafe tamoji sha'anin matan Legas da Abuja ne, mu da ke fama da zazzaɓi da tamowa da rashin tsaro ina ruwanmu. Ban yarda ba, domin haka aka riƙa faɗa game da man bilicin, har hukumar NAFDAC ta wayi gari a 2023 tana kiransa annoba mai bukatar matakin gaggawa. Kuma wanda ya ga yadda sha-ka-fashe ya kutsa cikin gyaran amare ya san abin da waya ta nuna wa yarinya yau, gobe za ta neme shi a kemis.

Idan shekaru suka ja, kitsen kunci yakan ragu ya zame ƙasa, ƙashi ya zaizaye, fata ta saki. Likitoci suna cike gurbin ta hanya biyu: ko dai su ɗura wani sinadari mai kauri, hayaluronik, wanda jiki da kansa yake yin irinsa, aka kuma amince da allurarsa a Amurka a 2003, yakan yi watanni kafin jiki ya shanye shi, ko kuwa su zuƙo kitsen mutum daga ciki ko cinya, su tace, su dasa a fuska, dashen kitsen da wani likita Bajamushe, Gustav Neuber, ya fara a 1893.

Ga hujjata, kuma a kanta zan daɗe. Jijiyoyin jinin da ke tsakanin gira da gefen hanci a haɗe suke da jijiyar da ke ciyar da ido, ta yadda idan tsinin allura ya faɗa cikin ɗayansu, mai yi kuma ya danna bai sani ba, abin da ya ɗura zai bi jijiyar ya toshe ta, gani ya ɗauke nan take, galibi kuwa ba ya dawowa. In jijiyar fata ce ta toshe, wurin zai yi fari fat, ya koma dabbare-dabbare, ya yi baƙi, daga bisani naman ya mutu ya ɓare. Hayaluronik yana da makari, wata allura mai narkar da shi, wadda kan ceci fata in an gaggauta. Kitse ba shi da makari, haka nan silikon da sauran ruwan da ba a san asalinsa ba, waɗanda ke daskarewa su zama ƙulutu, kamar yadda man farafin ya yi wa Turawan da aka fara ɗura wa shi a Biyana tun 1899. To, ina tambaya: wane ne a cikinmu ya karanci taswirar jijiyoyin fuska, kuma wane ne ya ajiye makarin a shagonsa? Alhali lasisin da hukumar PCN take ba mai ƙaramin kemis bai halatta masa yin kowace irin allura ba.

Malamai za su ce Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta yanke tun 2007 cewa ba a kawar da tamoji da tiyata ko allura sai da larurar cuta. Ba ni da ja a nan. Amma fatawa ba ta ɗauke mana wajibcin kula da wadda ta riga ta jikkata ba, kuma shari'ar da ta yarje wa sahabi Arfaja ya sa hancin zinariya ba za ta ƙi likitocin da ke gyara fuskokin yaran da cutar noma ta cinye a Sakkwato ba. Masu cewa kuɗi na sayen aminci kuwa, su tuna Stella Obasanjo, wadda ta rasu a Sifen a 2005 bayan tiyatar kwalliya.

Shawarata ba ta sauya ba. Hukumomi su riƙa zagaya shaguna da gaske, su ƙwace duk ruwan allurar da ba shi da rajista. Masu gyaran jiki su tsaya ga dilka da halawa da lalle, kada allura ta shiga ɗakinsu. Wadda ganinta ya dushe ko fatarta ta sauya launi bayan allura, a garzaya da ita asibitin koyarwa na Shika a ranar, ba da faɗa ko gori ba, domin kunya ce ke sa su ɓuya har lokaci ya ƙure. Limamai kuma su ambaci wannan a huɗuba. Amanar lafiyar mutanen nan a wuyanmu take, kuma za a tambaye mu.