SASSARFA DON LAFIYA: YADDA WANDA JIKINSA YA YI NAUYI ZAI FARA

Jawabin faɗakar da jama'a

A zamanin da, ba a bukatar a ce wa mutum ya motsa jiki, domin aikin yau da kullum ya ishe shi. Manomi yana huɗa da fartanya, fatake suna taka sayyada daga Kano har Gwanja, mata suna daka da jan ruwa a rijiya. Yanzu kuwa zaman birni ya sauya al'amari. Ma'aikaci ya kan fita daga gida a mota ko babur, ya wuni a kujera, ya komo ya ci tuwo ya kwanta. A kwana a tashi sai teɓa ta fito, hawan bene ɗaya ya sa shi haki. Daga nan ne hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya su kan sami ƙofa.

Wannan ba zato ba ne. A shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya bayyana binciken da ya yi kan ma'aikatan bas masu hawa biyu na birnin Landan. Ya tarar kwandastoci, waɗanda su ke wuni suna hawa da sauka, ciwon zuciya bai kama su kamar yadda ya ke kama direbobi masu wuni a zaune ba. A shekarar 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko kuwa minti 75 na mai ƙarfi, kamar gudu.

Sassarfa, watau gudu marar sauri, tana cikin hanyoyi mafi arha na cika wannan sharaɗi. Ba ta bukatar kuɗin shiga, ba ta bukatar kayan aiki sai takalmi.

KAFIN A FARA

Yawancin mutane za su iya fara tafiyar ƙasa yau ɗin nan ba tare da wata fargaba ba. Amma akwai waɗanda lalle ne su ga likita kafin su soma gudu: mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai ciwon zuciya ko na ƙoda, mai fuka, mai sikila, mace mai juna biyu, da duk wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri in ya yi aikin ƙarfi. Wanda ya manyanta kuma ya daɗe bai motsa jiki ba, ya kyautu a auna jininsa tukuna, domin hawan jini ya kan zauna a jikin mutum shekaru bai nuna alama ba.

SANNU BA TA HANA ZUWA

Babban kuskuren mai farawa shi ne ya tuna da ƙuruciyarsa, lokacin da ya ke buga ƙwallo a makaranta, ya fita ranar farko ya sheƙa a guje. Kafin ya ci rabin kilomita numfashi ya ƙare, kashegari jiki ya yi tsami, ya ce shi da gudu har abada.

Ko masana ma sun gamu da wannan. A 1962 Bill Bowerman, shahararren mai horar da 'yan tsere a Amurka, ya ziyarci Arthur Lydiard a ƙasar Niyu Zilan, inda aka kafa ƙungiyar masu sassarfa a birnin Auckland. Da ya bi su gudu sai ya ga dattawan da suka girme shi sun bar shi a baya yana haki. Ya koma gida ya fara daga ƙasa, har a 1967 ya wallafa littafin da ya yaɗa sassarfa a Amurka.

Dalilin bin sannu shi ne, zuciya da huhu su kan ƙaru da ƙarfi cikin 'yan makonni, alhali kuwa ƙashi da jijiyoyi da gaɓoɓi sai sun ɗauki watanni kafin su saba da dukan ƙasa. Saboda haka mutum ya kan ji numfashinsa ya isa ya ƙara nisa tun ƙafarsa ba ta shirya ba. Nan ne ciwon ƙwauri da na gwiwa da na agara su ke samo asali, musamman ga mai ƙiba.

TSARIN MAKONNI

Mako biyu na farko, tafiya kawai za a yi, ta minti 20 zuwa 30, da saurin wanda ya makara zuwa aiki. Mai ƙiba ƙwarai ya iya tsayawa a wannan mataki wata guda ko fiye, ba aibu.

Daga mako na uku sai a haɗa tafiya da sassarfa. A fara da tafiyar minti 5 don jiki ya ɗumama. Sa'an nan a yi sassarfar minti ɗaya, a bi ta da tafiyar minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa har minti 20. A rufe da tafiyar minti 5, kada a tsaya cak, domin tsayawa farat ɗaya ta kan sa jini ya taru a ƙafafu, jiri ya ɗebi mutum.

A yi haka sau uku a mako, a riƙa barin kwana ɗaya a tsakani, domin a ranar hutu ne jiki ya ke gyara kansa. Kowane mako a ƙara tsawon sassarfa kaɗan, a rage tafiya. In mako ya yi wuya, a maimaita shi. A kan irin wannan tsari ne Josh Clark ya shirya jadawalinsa a 1996, wanda ke kai mai farawa ga gudun rabin sa'a cikin mako tara, kuma hukumar lafiya ta Ingila ta ɗauke shi tana koya wa jama'a.

Ma'aunin sauri kuwa mai sauƙi ne. Muddin mai sassarfa yana iya magana da abokin tafiyarsa, to, daidai ya ke. In magana ta gagara sai haki, ya yi sauri da yawa, ya koma tafiya. A riƙa gajeren taku, a miƙe baya, a saki kafaɗu, a shaƙi iska ta hanci da baki duka.

LOKACI, WURI DA TUFAFI

A ƙasa mai zafi irin Nijeriya, sanyin safiya da na yamma su ne lokutan gudu. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, gudu da tsakar rana ganganci ne. A kudu, inda iska ke da laima, gumi ba ya bushewa da wuri, don haka jiki ya kan yi zafi ko da rana ba ta ƙwalle ba. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri, mai fuka ya haƙura. A watan azumi ya fi kyau a bari sai bayan buɗa baki, abinci ya faɗa. A sha ruwa kafin fita da bayan dawowa.

Filin makaranta ko na ƙwallo ko hanyar burji mai laushi sun fi kwalta sauƙi ga gwiwa. Wanda tilas ta sa ya bi titi, ya bi gefen hagu don ya fuskanci motoci masu zuwa, tun da ya ke a hannun dama a ke tuƙi a ƙasar nan tun 1972, ya kuma sa tufa mai haske in da duhu. Takalmi ya zama mai taushin ƙasa, wanda bai matse yatsu ba. Silifa ba ta gudu ba ce. Tufafi su zama marasa nauyi, masu barin iska ta shiga. Mata suna iya yin sassarfa cikin suturarsu, a tsakar gida ko cikin ƙungiya da 'yan'uwansu. Masu naɗe jiki da leda ko rigar sanyi don su yi gumi su sani ruwa su ke zubarwa, ba kitse ba, kuma suna jefa kansu cikin haɗari.

ALAMUN DA BA A WASA DA SU

Tsamin jiki na kwana biyu ko uku abu ne da aka saba, ya kan wuce da kansa. Amma ciwo mai suka a gaɓa ɗaya, wanda ke sa ɗingishi, yana bukatar hutu. Wanda kuwa ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko ciwo na sauka hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko zuciya na bugawa barkatai, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Mai zazzaɓi kada ya fita sai ya warke sarai. Mai ciwon sukari ya riƙe dabino ko alewa a aljihu, ya kuma duba tafin ƙafarsa bayan ya dawo.

RIBAR DA ZA A SA RAI

Kada mai farawa ya ɗora begensa a kan sikeli kaɗai, domin nauyi ba ya raguwa sosai sai an gyara cin abinci. Amfanin farko a wasu wurare ya ke bayyana: barci ya yi daɗi, hawan bene ya daina sa haki, rai ya yi sanyi, awon jini da na sukari su soma daidaita. Wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da shansa, sai in likitan ne ya rage.

Maƙwabta za su yi kallo, wani ma ya tambaya ko lafiya. Wannan ba abin damuwa ba ne, domin da rarrafe yaro kan tashi. Abin da a ke so ga kowane magidanci da uwargida shi ne su zaɓi kwana uku a mako, su sami abokin tafiya, su fara da minti 20 tun wannan makon. Rigakafi ya fi magani, kuma ƙasa ba ta ci gaba sai da lafiyar mutanenta.