Motar Gaggawa Ta Buge Raƙumi: Wa Zai Biya?

Yau zancenmu a kan direbobin kai saƙo ne, masu ɗauko kaya daga Tamanrasset su bi ta ƙauyuka irin su Tahifet, ko su kama babbar hanya mai lamba 1 zuwa In Guezzam, tafiyar wajen kilomita 400. Mai kaya ya ce lalle dabino da taliya su isa kafin gari ya waye, direba ya kwana yana tuƙi, ga raƙuma na tsallaka titi cikin duhu. To, in an yi karo, wa ke da alhaki?

In mutum ne ya ji rauni, dokar Aljeriya ba ta da ruɗani. Doka mai lamba 74-15 ta 1974, wadda aka yi wa gyara a 1988, ta wajabta inshora, wato asiransi, a kan kowace mota, kuma ta bai wa wanda mota ta jikkata, ko magadansa, haƙƙin diyya. In motar ba ta da inshora, ko direba ya gudu ba a gano shi ba, akwai asusu na musamman da hukuma ta kafa don irin wannan.

Kai kuma Alhaji mai mota, kar ka ce ai yaron ne ya yi ganganci. Sashe na 136 na dokar hulɗar jama'a ya ɗora wa ubangida ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. A ganina daidai ke nan, don wanda ya yanka lokacin isowa shi ya taka totur, ko da yana kwance a ɗakinsa.

Inda nake so makiyaya ku buɗe kunne shi ne nan. Da yawa sun ɗauka duk motar da ta kashe raƙumi ita za ta biya. Ba kullum ba. Sashe na 139 ya ce mai kula da dabba, ko ba tasa ba ce, shi ke ɗaukar ɓarnar da ta yi, ko da kuɓucewa ta yi ko ta ɓata, sai in ya tabbatar da cewa sanadin ba daga gare shi ba ne. Ke nan kana iya rasa taguwa, kuma a biyo ka da kuɗin gyaran mota. Abin da zai cece ka shi ne shaida: sawun birki, inda dabbar ta faɗi, ko fitilun motar na aiki. Shi ya sa sulhun bakin hanya, a miƙa maka 'yan dinari a ce a bar maganar, yakan zama asara. Kira jandarmomi a 1055, in akwai mai rauni a kira 14, a rubuta takarda kafin iska ta share sawu.

Masu tsallakawa Assamaka, ku tuna katin inshora na ƙasashen Larabawa ba ya aiki a Nijar. Can dokar inshora ta CIMA ake bi, sai ku yanki wata takardar kafin ku kama hanyar Arlit.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba haƙƙin shi kansa direban in ya karye a bakin aiki.