Makka a Idon Ɗan Gari

Idan alhaji ya komo gida aka tambaye shi yadda Makka take, Ka'aba zai kwatanta, da Safa da Marwa, da zafin rana a filin Arfa. Amma akwai mutanen da Makka ita ce garinsu, nan aka binne cibiyarsu, nan suke kai 'ya'yansu makaranta. Cikinsu har da jikokin Hausawa masu ɗimbin yawa, kuma kwatancinsu ya bambanta da na baƙo.

Kakanninsu a ƙasa suka zo, ta Barno da Wadai da Darfur, suna tsayawa su yi ƙodago a Sudan, har su tara kuɗin ƙetare Bahar Maliya. Wani ya shekara biyar a hanya, wani goma. Ƙaurar ta ƙaru bayan 1903, lokacin da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da jama'arsa, aka kashe shi a Burmi. Waɗanda suka isa Makka suka zauna, sun tare a unguwanni irin su Misfala da Jarwal da Shara Mansur. Daga nan ne sunan Hausawi ya samo asali. Alal misali Usama Hausawi, wanda ya shugabanci 'yan ƙwallon Sa'udiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, haifaffen Makka ne.

Ɗan gari ba zai fara da komai ba sai matsi. Makka cikin kwari take, duwatsu sun kewaye ta, ba ta da filin miƙe ƙafa. Ƙidayar 2022 ta sami mutum wajen miliyan 2.4 a cikinta, a hajjin 2019 kuwa alhazai sun kusa miliyan 2.5. Watau cikin 'yan kwanaki garin yakan ninka kansa.

Don a sama wa baƙin nan wuri, an yi ta faɗaɗa Masallacin Harami: a 1955 zamanin Sarki Sa'ud, da 1988 zamanin Sarki Fahad, da 2011 zamanin Sarki Abdullahi. Aikin ya sauƙaƙa wa alhazai ibada ƙwarai, amma gidajen mutane ya ci. An rushe unguwar Shamiyya. A 2002 aka rushe ganuwar Ajyad ta zamanin Turkawa, aka gina dogon benen agogo mai tsawon mita 601 a gurbinta. Gidajen Dutsen Umar su ma sun zama otal-otal.

Larabawa suna da karin magana cewa mutanen Makka su suka fi sanin lungunan garinsu. Yau dattijo yakan tsaya a farfajiyar masallaci ya nuna wa jikansa inda ƙofar gidansu take a dā, ba abin da yaron zai gani sai dutsen marmara.

Wanda ya mallaki gida yakan sami diyya ya koma bayan gari. Wahalar tana kan wanda ba shi da takarda, domin a dokar Sa'udiyya haihuwa kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Akwai wanda aka haifa a Makka, aka haifi ubansa a Makka, amma in aka kama shi ba takardar zama, ana iya sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba sai a bakin kakarsa.

Saboda haka alhajin da ya ji Hausa a bakin mai kanti a Misfala, kada ya yi saurin tambayarsa yaushe zai koma gida. Mai yiwuwa ne a gida yake.