Wa Ya Gaya Miki? Zaman Tantance Labari A Cikin Gida

Iyayena da yayyena da ƙannena da ke cikin gidaje a Malam Madori, Haɗeja, Auyo, Kaugama da Kirikasamma, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu na mata. Da fatan an sauke tukunya lafiya.

Yau maganarmu a kan labari ce. Uwargida, kina cikin ɗakinki ko zaure ba ki leƙa ba, amma kafin azahar labari ya iske ki ta ƙofa biyar: bakin mai kitso, bakin 'yar talla, bakin yaran makaranta, ga rediyo, ga kuma wayar nan da ke ƙara a ƙarƙashin filo. Namiji in ya ji magana yana iya hawa babur ya je ya gani, gani kuwa ya kori ji. Ke da ke ciki, sai abin da aka kawo miki. To da me za ki auna shi?

Ku tuna watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin dare ɗaya saƙo ya zagaye ƙasar nan, 'yan uwa na bugo wa juna waya tun kafin asuba, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Iyaye mata suka tashi yara cikin barci suka ɗura musu. An kwantar da mutane a asibiti, wasu ma sun rasa rayukansu, alhali gishiri ba ya maganin Ebola, ga shi kuma yana da haɗari ga mai hawan jini. Ba mugunta ce ta sa aka yaɗa ba, ƙauna ce. Kowa ya ji daga wanda ya yarda da shi, ba wanda ya tsaya ya ce, shi kuma daga ina ya ji?

Ga wani na ƙofar gidanmu. Duk damina sai kin ji an ce Kamaru ta saki ruwa, Haɗeja za ta nutse. Madatsar da ake nufi ita ce ta Lagdo, tana kan kogin Binuwai, ruwanta Adamawa da Taraba da Binuwai yake bi har ya haɗu da kogin Kwara a Lokoja. Bai da hanya zuwa nan. Kogin Haɗeja daga jihar Kano yake gangarowa, inda madatsar Tiga take tun 1974 da ta Chalawa tun 1992, ya wuce mu ya nufi Yobe da tafkin Chadi. Abin da ya shafe mu shi ne yawan ruwan sama a can sama da nan, da cikar waɗannan madatsun biyu, da ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa. Wadda ta ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ta san ba abin wasa ba ne. Shi ya sa nake jin takaicin labarin ƙarya, domin in an firgita mutum sau uku a banza, ranar da hukuma ta yi gargaɗin gaske sai ya gyara kwanciya.

Shawarata ita ce ku kafa zama. A Amurka da Ingila akwai masu ƙungiyoyin da ba abin da ke tara su sai koyon auna magana da hujja, suna tattaunawa ta intanet, su kuma sa ranar haɗuwa ido da ido. Mu ba sai mun yi aro ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ita kuma ta ɗauki karatu ta kai wa matan da ba su iya fita. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Malaman hadisi irin su Imamu Buhari kuwa ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa, kuma yaya gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa.

Ba wani shiri mai tsada ba ne. Matan gida ɗaya da maƙwabta na kusa, shida ko bakwai sun isa, in suka fi haka hira za ta cinye zaman. Ranar zubin adashi ta fi sauƙi tunda dama ana haɗuwa. A nemi izinin masu gida tun farko, a faɗa musu abin da ake yi ɓaro-ɓaro, a kuma tashi kafin lokacin ɗora sanwa, kada tuwon dare ya makara a ce laifin zaman ne. A samu mai iya karatu ta riƙe littafi. Kowacce ta zo da labari ɗaya da ta ji a makon, sai a bi shi: wa ya faɗa, ya gani ne ko ji ya yi, yaushe abin ya faru? Hoton ambaliyar da ke yawo a WhatsApp sau da yawa na wata shekara ne ko ma na wata ƙasa. Abin da ya shafi lafiya, a ɗora wa mai zuwa awon ciki ta tambayo ma'aikaciyar asibiti ta kawo amsa zama na gaba.

Sai abin da na fi so. In Hajiya ta ce shinkafar da aka saya da kaka za ta yi tsada kafin azumi, a tambaye ta, cikin goma nawa kike ba maganar nan? Ta ce takwas, a rubuta da kwanan wata. Lokaci ya yi a buɗe littafi. Bayan 'yan watanni kowacce za ta ga inda hasashenta ke dacewa da inda bakinta ya fi saninta ƙarfi. Mai sayen amfanin gona tana ajiyewa ta san wannan magana ce ta jari.

Na san inda gizo ke saƙar. Ƙaramar amarya ba za ta iya kallon uwar miji ta ce Inna wa ya gaya miki ba. Don haka jagorar zaman ta kasance babba, ita ce mai yin tambayar a madadin kowa, kuma ta fara da nata labarin. Wadda ta sauya ra'ayi bayan ta ji hujja kada a yi mata dariya ko a mayar da shi abin gori. Sirrin gidan wani da zancen kishiya kuma ba su da wuri a tabarmar nan. Da sun shigo, zaman ya koma gulma, kuma ranar da maganar ta kai zaure an rufe shi ke nan.

Waɗanda suka gwada, ku aiko mana da wasiƙa ko saƙon waya ku faɗa mana labarin da kuka fara bi da abin da kuka tarar, za mu karanta a fili ba tare da ambaton suna ba. Lokaci ya cimma mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a gaida yara, a huta lafiya.